Ɗana Da Takalman Ƙofar Masallaci

Assalamu alaikum, Edita, tare da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, domin wanda zan yi magana a kansa yana nan da rai, kuma ba zai iya ba ni izini ko ya hana ni ba.

A lokacin da abin ya faru, ni malamin makarantar allo ne a Abakpa, cikin garin Enugu, kuma ni nake jan salla a ƙaramin masallacin layinmu idan liman ya yi tafiya. Mahaifina ne ya kawo mu garin ina yaro, yana fataucin albasa. Ni ban ɗauki ciniki ba, alƙalami da tawada na riƙe. Masu keke da mahauta da masu shayi duk suna rusunawa su gaishe ni, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Wanda ya zauna a garin da ba nasa ba ya san abin da masallaci yake a wurinmu. A nan ake sanin wanda ya iso daga gida da wanda ya kwanta ciwo, a nan ake ɗaura aure, a raɗa suna, a sasanta masu rigima. Mutumin da ba a ganinsa a sahu, a hankali sai a daina lissafa shi cikin jama'a.

Allah ya ba ni 'ya'ya mata, sannan daga baya ya ba ni namiji guda. Tun yana ƙarami muka ga ba kamar sauran yara yake ba. Bai yi magana da wuri ba, da ya fara kuma, abin da ka faɗa masa shi yake maimaita maka. Ba ya kallon idon mutum. Yakan zauna ya jera murafun kwalba a bakin tabarma tun hantsi har azahar, idan aka taɓa guda ɗaya sai kuka. Amma Allah ya ba shi kunne. Idan ina tilawa a gida yana gefe yana jera murafunsa, sai washegari in ji yana karanta abin da na karanta, har da inda na tsaya na yi tari. Da na ba shi allo, ya riƙa kwaikwayon baƙaƙe da kyau kamar an buga. Sai na sa a raina cewa Allah ya rage masa a wani wuri ne ya cika masa a wani, kuma wata rana shi zai tsaya a bayana a sahun farko.

Abin da ya gagare ni shi ne shigar da shi masallaci. Zai riƙe hannuna lafiya mu fito daga gida, yana ta karatunsa a hankali, amma da zarar mun karya kwanar da ake hango ƙofar masallaci sai ya ƙame. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya toshe idonsa da hannu, ya fara wani irin ihu da ban taɓa ji a bakin ɗan Adam ba. Idan na ja shi sai ya kwanta a ƙasa, ko da cikin taɓo ne. Yaron da ba ya tsoron kare, ba ya tsoron tirelar da ke wucewa dab da shi, wanda na taɓa kama shi yana wasa da kunama, shi ne ƙofar ɗakin Allah take mayar da shi haka. Na yi lallashi, na yi alkawarin alewa, na yi tsawa. Na rubuta masa ayoyi na wanke ya sha. Na kira waɗanda suka fi ni sani suka yi masa karatu a ka, yana zaune yana bin su baki da baki, har ɗayansu ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin aljanin da ke gyara wa mai ruƙiyya maddi ba.

Akwai wani hali nasa da muka ɗauka taurin kai ne kawai. Ba ya yarda ya cire takalminsa. Idan zai yi alwala sai ya cire ƙafa ɗaya ya maƙale a hammata, ya wanke, ya mayar da sauri, sannan ya cire ɗayar. Da takalmi yake salla a ɗaki, da shi yake kwanciya, sai ya yi barci mahaifiyarsa ta zare masa. Mu kuma gidan haya muke, irin mai ɗakuna na kallon juna, kuma saboda ruwan sama da masu ɗan hali ba ma barin takalmi a ƙofa. Mai ɗakina tana da wani kwando mai murfi a bayan ƙyaure, duk wanda ya shigo nan yake jefa nasa. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ranar Juma'a ta fi kowace rana wuya, domin masallaci ba ya ɗaukar jama'a, sai a shimfiɗa tabarmi a kan titi har kusa da ƙofar gidanmu. Tun kafin a fara shimfiɗa yaron zai sulale ya tafi shagon wata maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da garin rogo da manja a layin baya. Yakan shige bayan buhuna ya zauna. Ita kuma ba ta korarsa, takan ba shi gyaɗa, tana kiransa "nwa m", wato ɗana. Sai an watse yake dawowa. Tun yana ƙarami ana cewa yarinta ce, har ya fara tsayi, muryarsa ta fara buɗewa. Daga nan magana ta canja.

Wani Alhaji daga cikin manyan 'yan kasuwarmu, wanda shi ya yi wa masallacin rufi, ya tare ni wata rana bayan la'asar a gaban mutane. Ya ce Allah gafarta Malam, shi fa ba zai ɓoye mini ba, ana ta magana. Ya ce ɗan malam guda, ana kiran salla yana gudu shagon matar da ke da hoton coci a bango, ni kuma ina nan ina koya wa 'ya'yan wasu alif da ba. Ya ce ko sai na gan shi da sarƙa a wuya ranar Lahadi sannan zan farka? Wani mahauci da ke gefe ya ƙara da cewa ai a baki ake ba su, shi ya sa kullum gyaɗa, kullum gyaɗa. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. A ranar na je shagon matar na ce mata kada ta ƙara ba ɗana komai, kada ta ƙara barinsa ya shiga. Ta tsaya da mudu a hannu tana kallona, ta ce da Turancin kasuwa wai Malam, me yaron nan ya yi, ai zama kawai yake yi. Na ce na dai faɗa mata. Daga ranar, duk Juma'a kulle shi muke yi a ɗaki, yana cusa kansa a ƙarƙashin gado.

Da ƙaramar Salla ta matso sai na yi wani tunani da na ɗauka hikima ce. Na ce tun da ƙofar masallaci yake tsoro, to filin Idi ba shi da ƙofa, ba shi da bango, ba shi da rufi. Idan jama'a suka gan shi a sahu sau ɗaya kusa da ni, bakin kowa ya mutu. Mahaifiyarsa ta roƙe ni in bar shi, ta ce Malam, yaron nan ba ya ƙarya da jikinsa, abin da yake gani mu ba ma gani. Na ce mata ita mace ce, ba ta san abin da nake haɗiya a waje ba. Aka ɗinka mana shadda iri ɗaya. Muka fita da sassafe, muka isa filin babu kowa sai masu jan igiyar sahu, na shimfiɗa mana darduma a gaba-gaba. Ya zauna lafiya yana kabbara tare da ni, har na ji ƙwalla ta zo mini don murna.

Sai jama'a suka fara cika. Na ji ya kama gefen rigata ya matse. Ya rufe ido, ya fara kaɗa jiki gaba da baya yana wani gunji a maƙogwaro. Na ce a raina taro ne, zai saba. Da na hango Alhajin nan ya shimfiɗa tasa dardumar a sahunmu, sai na sunkuya na zare wa yaron takalmansa da ƙarfi, na ajiye a gabanmu, don kada a ce ɗan malam ya yi Idi da takalmi. Liman ya iso, aka miƙe. Kowa ya san yadda filin Idi yake idan aka tashi tsaye: gaban kowane sahu takalma ne a jere, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aka yi kabbarar harama. A cikin kabbarori na ji hannunsa ya saki rigata. Muna ruku'u na ji ihunsa, ya riga ya yi nisa, yana keta sahu.

Ban sallame ba. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi a duk wasiƙar nan. Na san hukuncin, ni da bakina na sha karantar da cewa ana yanke salla don ceton rai, ko makaho ka gani zai faɗa rami. Amma na ce raka'a biyu ce, yanzu za a idar. Gaskiyar kuwa, idon mutanen da ke dama da hagu da ni ne ya riƙe ni a wurin. Da aka yi sallama na miƙe na duba, babu shi babu alamarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinsu. Yaro ne da ba zai iya faɗin sunan unguwarsu ba, idan ka tambaye shi sunansa tambayarka zai maimaita maka, ga shi babu takalmi, a garin da yawancin mutane ba sa jin harshensa. Masu keke da 'yan acaɓa na jama'armu suka bar aikin Salla suka bazu. Muka je wurin 'yan sanda, muka zaga asibitoci, har ɗakin ajiye gawa na shiga aka riƙa buɗe mini fuskoki. Mahaifiyarsa ta daina cin abinci, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. A rana ta farko wasu samari suka ce ai ba sai an wahala ba, a je shagon matar nan. Na bi su. Allah ya kiyaye ba a taɓa ta ba, amma an ɗaga mata buhuna, an leƙa har ƙarƙashin teburinta, maƙwabtanta suka fara taruwa, kuma duk wanda ya zauna a Kudu ya san abin da irin wannan taruwar kan haifar. Ita ce ta daka wa nata mutanen tsawa ta ce su koma, mutum ne ɗansa ya ɓata. Sannan ta juyo ta ce mini in ba ta hotonsa.

A cocinsu aka yi cigiya ranar Lahadi. Wani direban keke da ya ji cigiyar shi ne ya tuna ya ga wani yaro da shadda a wani kangon gini can bayan gari, yana zaune yana jera duwatsu. Da muka je muka same shi, tafin ƙafarsa duk ya tsage, leɓensa ya bushe, shaddar ta koma kalar ƙasa. Bai yi kuka ba, bai rungume ni ba. Ya dube ni ta gefen ido ya ci gaba da karanta surar da liman ya fara a Idi.

Yadda muka gane abin kuwa, babu wayon kowa a ciki. Bayan mun dawo da shi gida mata suka cika ɗakin suna yi wa mahaifiyarsa barka, takalmansu tuli a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe. Yaron yana ƙarƙashin gado yana ihun nan nasa, matan suna cewa wayyo, abin ya tashi. Sai hadari ya taso. Babbar 'yata ta fita ta kwashe takalman baƙin ta zuba a buhu don kada su jiƙe, ta kai bayan gida. Kafin ta dawo ihun ya tsaya. Ya leƙo, ya dubi bakin ƙofa, ya fito ya zauna a tsakiyar matan nan yana cin tuwo. Ni da mahaifiyarsa muka dubi juna. Da baƙi suka tafi na ɗauki takalmina ɗaya na ajiye a tsakar ɗaki. Ya toshe ido ya fara rawar jiki. Na sa ƙafata a ciki. Ya sauke hannunsa. Na fita waje na zauna a kan dakali cikin ruwan. Ashe duk shekarun nan ba masallaci yake gudu ba. Takalmin da babu ƙafa a cikinsa yake tsoro. Shagon matar nan kuwa, shi ne wuri ɗaya a kusa da mu da ba a cire takalmi a shiga.

Likitar da ta duba masa ƙafa ce ta tura mu wurin wata likitar ƙwaƙwalwar yara. Ita ta gaya mana sunan abin, ta ce otizim ake kiransa, a rediyo kuma wasu na cewa galahanga, kalmar da har yau ba na son ji. Ta ce haka aka halicce shi, ba jifa ba ne, ba kuma laifin tarbiyya ba. Ta ce masu irin wannan halitta sukan ji tsoron abin da ba ya zuwa a ran kowa: wani maɓallin riga, wani laima idan an buɗe ta, wani fankar sama, wani gemu idan an aske. Na tambaye ta dalili. Ta ce babu wanda zai rantse mini. Wani lokaci ji da ganinsu da shaƙar hancinsu sun fi namu kaifi, abin da muke wucewa ba mu lura ba su yana dukansu. Wani lokaci wani abin firgici ne ya taɓa faruwa, sai zuciyarsu ta ɗaure shi da wani abu da ke wurin a ranar, ta ƙi kwancewa. Wani lokaci kuma abu ne da ba su gane ma'anarsa ba, ba su da bakin tambaya, sai tsoron ya yi ta girma shi kaɗai a ciki.

Tun daga ranar muke ta zato. Mahaifiyarsa ta ce warin roba ne da gumi idan ruwa ya taɓa su. Ni kuma na tuna rasuwar mahaifina, yaron yana ɗan tatata, kuma kakan ne kaɗai yake yarda ya goya shi. An fita da gawar, jama'a suka cika gidan, takalman tsohon kuma suka daɗe a bakin ɗakinsa babu wanda ya iya ɗaukewa. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Sau ɗaya na zaunar da shi na tambaye shi a hankali me yake gani a takalmi. Ya kalli bango ya ce, "Babu kowa a ciki." Bai ƙara ba, kuma bai taɓa ƙarawa ba.

Na je na ba maƙwabciyarmu haƙuri. Ta ce ba komai, Allah ɗaya ne. Tana amsa gaisuwata har ta bar unguwar, amma ba ta ƙara tsayar da ni hira ba, yaron kuma bai ƙara taka shagonta ba, domin shi idan aka hana shi abu sau ɗaya ya hanu ke nan. Game da masallaci, likitar ta koya mana yadda za a riƙa saba masa kaɗan-kaɗan, daga hoto, zuwa takalmi ɗaya daga nesa. Mun yi iya yinmu. Yanzu yakan jure ganin takalmi ƙafa ɗaya ko biyu idan ya kawar da kai. Na roƙi jama'a aka kafa kantar ajiye takalma mai labule a gefen ƙofa. An yi mako ana sakawa, har ya shiga ya yi la'asar sau biyu a bayana. Amma masallacin kan hanya ne. Baƙo zai zo a guje don ya riski raka'a, ya watsar da silifas a ƙofa, wa zai tsaya yi masa bayani? A karo na uku haka ta faru, muka fito muka tarar da silifas a ƙofa, ya tsallake kwata ya faɗa titi, Allah ya sa mai motar ya taka birki. Ban ƙara gwadawa ba. Yau ya zama saurayi mai gemu, salla biyar ba ta wuce shi, amma a ɗaki, shi kaɗai, da takalmansa a ƙafa. Yaran da suka taso yanzu a layinmu wasu ba su ma san ina da ɗa namiji ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Idan yaronka yana tsoron abin da hankalinka bai ɗauka ba, kada ka ce iskanci ne, kada kuma ka yi saurin neman wanda za ka ɗora wa. Tsoron gaskiya ne a wurinsa ko da kai ba ka ga komai ba. Ka yi addu'a, ka kuma zauna ka lura: me ke wurin lokacin da ya fara, me aka ɗauke lokacin da ya daina. Ka kai shi wurin masana da wuri. Kada ka ja shi da ƙarfi zuwa abin don mutane su ga ka isa da gidanka, domin mutanen za su koma gidajensu su ci abincin Salla, kai ne za ka shiga ɗakin gawa kana duba fuskoki. Ku kuma jama'ar masallatai, idan kun ga wani ba ya zuwa sahu, ku tambayi iyayensa a keɓe kafin ku yanke masa hukunci a bainar jama'a.

Yanzu na tsufa, ciwon suga ya fara cin idona. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar da za a shimfiɗe ni a ƙofar gida a yi mini salla. Al'adarmu ce kowa ya zare takalmi ya jera a gabansa ko ya taka a kai. Na kira liman da dattawa na bar musu wasiyya cewa duk wanda zai sallace ni ya bar takalminsa a ƙafarsa in dai babu najasa, shari'a ba ta hana ba, don ɗana ya samu ya tsaya a sahu ko sau ɗaya ba tare da ya gudu ba. Sun ce in sha Allahu, Malam, Allah ya ja kwana. Na san da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma jana'iza ba ta da mai gadin ƙofa, mutane za su zo daga kasuwa da tasha waɗanda ba su ji wasiyyar ba, ni kuma a ranar ba ni da bakin da zan tuna musu. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa mu a addu'a.